Ƙyauren Malam Mani

Alhaji Gide bai koyi aikin kafinta a wurin kowa ba. Dillalin hatsi ne a Ƙanƙara tun yana saurayi, ya ci kasuwanni daga nan har Ɗandume da Funtuwa, sai da gwiwa ta ce mashi ya isa. Da ya dawo gida ya zauna, zaman ya ishe shi, shi ma ya ishi mutanen gidan. Wata rana ƙafar kujerar tsugunon matarshi, Hajiya Zulfa, ta karye, ya ɗauka ya gyara don ya samu abin yi. Daga nan abin ya shiga ranshi. Ya sayi zarto da guduma da kurfi da magagari, ya kafa rumfa a bayan gida gindin bedi, ya zama in ba salla ba ba ka ganinshi a waje.

Ba ya sayarwa. In ka yi mashi maganar ciniki sai ya ɓata rai, ya ce shi ya gama da ciniki. Ya yi benci ya kai ƙofar masallaci, ya yi akwatin zuba Alƙur'anai, ya yi ma matan unguwa kantocin jera kwanoni. Na farko-farkon duk guragu ne, sai an sa musu dutse a ƙafa kafin su tsaya. Daga baya hannu ya faɗa, har masu yi mashi dariya suka fara aiko da awon ɗakunansu.

Abu guda ke damunshi, katako. Dazukan wajen Sabuwa da ake yanko madaci da kirya sun zama na 'yan bindiga, babu mai shiga da gatari ya fito. Abin da ke zuwa kasuwa sai malaina ɗanya, wadda in ka buga mata ƙusa ruwa ke tsattsafowa. Ga shi kuma a cikin gidanshi, a ɗakin da yake zuba buhuna, akwai busasshen madaci jingine da bango: ƙyauren ƙanwarshi Suwaibatu.

Lokacin da aka tashi Unguwar Ɗanliti, garin su Suwaibatu can gaba da Sabuwa, waɗanda suka samu sarari sun koma da rana tsaka sun kwance abin da ke kwantuwa, kwanon rufi da ƙyamare. Ginin ƙasa ba ya ɗaukuwa, amma ƙyaure yana ɗaukuwa, kuma wanda ya ɗauki nashi yana nufin wata rana zai dawo ya mayar. Na Suwaibatu mijinta Malam Mani ne ya yanko iccen, ya sa aka tsaga, ya haɗa da hannunshi shekarar da aka kai ta gidan. Shi Allah ya yi mashi rasuwa kafin tashin garin. Ita ta tare a Faskari wurin 'yarta Hafiza, ɗaki guda na haya, babu inda za a jingine ƙyaure. Sai ta aiko da shi Ƙanƙara, ta biyo bayanshi da kanta.

"Yaya, ajiya ce na kawo maka. Ran da za mu koma in aiko a ɗauka."

"Allah ya kai mu," in ji shi.

A ranshi kuwa cewa ya yi babu mai komawa. Ya ga garuruwa da yawa sun tashi, bai ga wanda ya sake zama ba.

Damina ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce. Duk shigar da zai yi ɗakin buhuna sai ya ƙwanƙwasa ƙyauren da bayan yatsa, ya tsaya yana sauraron ƙarar. Icce ne da ya gama shan rana da hayaƙi, babu sauran inda zai motsa. Wata rana ya kankare baƙin da ke gefe da wuƙa don ya gani kawai, sai ga ja ya fito kamar goro. Ya mayar da wuƙar aljihu, ya fita yana a'uziyya.

Falanki guda ya fara cirewa. Ya ce aro ne, in ya samu irinshi zai mayar. To ƙyauren da aka cire ma falanki guda ai ya daina zama ƙyaure, ya koma katako. Kafin sati ya zagayo ya zare ƙusoshin maƙera masu manyan kawuna da sakatar ƙarfen, ya zuba a gwangwani, ya kwashi falankan ya kai gindin bedi.

Kabad ya yi, mai tsawo ya kusa kai mutum, da murfi biyu da kantoci a ciki. Ya goge shi da samfefa har hannu na santsi, ya shafa mashi man gyaɗa. Bai taɓa yin abu mai kyau irinshi ba, shi ma ya sani. Hajiya Zulfa ta jera tangaran da kulolinta a ciki, mata suka riƙa shigowa wai gaisuwa, idonsu na kan kabad.

"Alhaji, ina ka samo wannan katako?" ta tambaye shi.

"Wani tsohon abokin ciniki ne a Funtuwa."

"Allah ya saka mashi. Ka ce ya ƙaro."

Ana nan, bazara ta kama, sai ga waya daga Faskari. Muryar Suwaibatu na rawa don murna.

"Yaya, an yi sulhu! Mai unguwa ya koma, gidaje da dama sun koma, ana ta sharar gona. Mu ma za mu bi, ni da Hafiza da 'yan yaranta, tun da mijinta na kudu. Muttaka direba zai zo ran kasuwarku ya ɗauki ƙyauren."

"Suwaiba, kin tabbata? Sulhun nan fa ba a gama sanin kanshi ba. Ki bari a ga kamun ludayinsu tukuna."

"In na bari ruwa ya sauka wa zai shuka mani gonar? Ɗakina na nan a tsaye, ƙyaure kaɗai ya rage. In na rufe ƙyauren Malam na tura sakata, wallahi barci zan yi har da minshari."

Ya ce to. Ya ajiye wayar ya daɗe yana kallon kabad.

Abin da ya kamata ya yi a bayyane yake, kuma ya gan shi sarai. Amma in ya farfasa kabad sai Hajiya ta tambayi dalili, matan unguwa su ji, labari ya kai masallaci cewa Alhaji Gide ya ci ajiyar marainiyar Allah, ƙanwarshi uwa ɗaya uba ɗaya. Ban da haka ma falankan an riga an datse su. Sai tsohon dillali ya motsa a cikinshi. Mutumin da ya shekara da shekaru yana ganin yadda ake sa sabuwar masara ta wuce a matsayin tsohuwa ba zai rasa dabara ba.

Ya je kasuwa ya sayo malaina mai kauri. Ya haɗa ƙyaure daidai awon wancan, ya buga tsofaffin ƙusoshin a inda suke da, ya ɗaura tsohuwar sakatar. Ya tara dusar zarto da kara ya turara shi da hayaƙi, ya shafe shi da baƙin mai, ya watsa ƙasa ya murza da tsumma, ya ɗan daddake gefuna da guduma don su yi kama da abin da ya sha hannu. Hajiya ta leƙo saboda hayaƙin ya ishe ta.

"Mi kake ƙonawa haka?"

"Ƙyauren Suwaiba nake ma maganin gara, za a zo ɗauka."

"Ka kyauta. Ajiya sai da kulawa."

Ya ci gaba da turara ƙyauren.

Ran kasuwa Muttaka ya zo da akori-kurarshi. Ya kama gefe guda, wani ɗan dako ya kama ɗayan, suka ɗaga da nishi.

"Kai, Baba Alhaji! Katakon da ke nan. Ji nauyi kamar dutse. Yanzu ina za ka samu irin wannan?"

"Babu," in ji Alhaji Gide.

Shi ya san nauyin mene ne. Ruwa ne cike da cikin iccen.

Kwana biyu da tafiyarsu aka ce an kafa ƙyaure, ya zauna daram, Suwaibatu na ta sa mashi albarka. Dama idonta ya fara yana, ɗakin kuma duhu ne da shi. Ya kamata hankalinshi ya kwanta, sai dai akwai guntun malainar da ya rage, yana yashe a bakin rumfa inda rana ke dukanshi. Kullum da safe in ya fito sai idonshi ya sauka a kai. Da farko a miƙe yake. Sannan gefe guda ya fara ɗagawa daga ƙasa. Sannan ya murɗe kamar ganyen da aka sa a wuta, har kaza na shiga ƙarƙashinshi. Ya ɗauke shi ya jefa bayan rumfa, da yamma kuma ya zagaya ya duba.

Aiki ya gagare shi. Wani maƙwabci ya kawo awon kanta, ya ce mashi gwiwa ta tashi. Ya daina cin abinci a ɗakin Hajiya, ya ce zafi ya yi yawa, a kai mashi waje. Gaskiyar magana ba ya son zama yana fuskantar kabad. In aka yi maganar Sabuwa a ƙofar masallaci sai ya kasa kunne, in aka ce lafiya sai ya tashi ya bar wurin.

Wayar da yake tsoro ta zo da hantsi, yana zaune gindin bedi ba ya komai. Da lambar wani Suwaibatu ta kira, don sai an hau tudu a garinsu ake samun layi.

"Yaya, kuna lafiya? Ya gwiwar?"

"Da sauƙi. Ya garin?"

"Garin lafiya lau. Suna wucewa dai ta bayan gari bisa babura da abin nasu a kafaɗa, ba su ce ma kowa komai ba tukuna. Ƙyauren ne ya ƙi ɗakin."

"Kamar yaya ya ƙi?"

"Ya kantare. In ka tura ƙasa sama ta buɗe, in ka tura sama ƙasa ta buɗe. Sakata ba ta kai raminta. Tsakanin falankan ma ya buɗe, kana ciki kana ganin mai wucewa. Turmi muke karawa da dutsen niƙa. Ni dai ba na barci, Hafiza ma haka, sai mu zauna muna sauraron babura."

Ya waiga bayan rumfa, inda ya jefa guntun malainar. Ta ci gaba.

"Halan ginin ne ya zauna, ka san ruwa ya daɗe yana dukanshi babu kowa. An ce in nemo magini ya fasa bakin ƙofar ya sake. Ko kau laifina ne da na bar shi ya daɗe a jingine. Ƙyauren Malam bai taɓa yi mani haka ba, ko shekarar da ruwa ya ci rabin gari." Ta sassauta murya. "Ba don in ɗora maka damuwa na faɗa ba, Yaya. Kai ka yi naka, ka riƙe mani shi tsawon lokacin nan. Allah ya biya ka."

"Kada ki bari a taɓa ginin," in ji shi. "Kin ji ko? Kada kowa ya taɓa."

Layin ya yanke.

Ya tashi ya shiga ɗakin Hajiya, ya buɗe kabad, ya fara sauke tangaran yana jerawa a ƙasa. Ta shigo da tsintsiya a hannu ta tsaya.

"Lafiya? Ɓera ya shiga?"

"Farfasa shi zan yi."

"Ka farfasa mi? Alhaji, in wani abu ke damunka ka faɗa a nemi magani."

"Babu wani abokin ciniki a Funtuwa. Ƙyauren Suwaiba ne wannan."

Ta dubi kabad, ta dube shi.

"To wanda Muttaka ya ɗauka fa?"

"Malaina ce. Ɗanya. Na shafa mata baƙin mai."

Hajiya Zulfa ta jingine tsintsiyar a hankali, ta zauna a bakin gado.

"Inna lillahi. Hayaƙin nan da ka cika mani gida da shi, har ina ce maka ka kyauta?"

"Shi ne."

"Ni kau na yi ta kiran mata suna zuwa kallo. Suwaiba da kanta ta zo sallar layya, ta shafa shi ta ce Yaya ya iya aiki. Kana zaune a nan ka ce mata na gode."

"Na ce."

"Ka aika mata da ƙyauren ƙarya cikin dajin nan, ita da 'ya mace da ƙananan yara? Alhaji, buhun masara ka ɗauke ta, da za ka zuba mai kyau a sama?"

Ya ci gaba da sauke tangaran. Ta tashi, ta ture hannunshi daga kan kwanonin.

"Matsa, za ka fasa mani. Ni zan kwashe. Je ka ɗauko gudumarka. Kuma ba aike za ka yi ba, da ƙafarka za ka kai."

Haɗa kabad ɗin ya ɗauke shi wata da watanni, farfasa shi kuwa kafin azahar an gama. Ya shimfiɗa falankan a ƙasa gindin bedi yana juya su. Na gefe biyu da na baya sun kusa tsawonsu na da, sai dai kowanne ya rasa kamar taƙi guda. Sauran an datse su gajeru don kantoci da murfi. Ya ga in ya jera dogayen a tsaye, ya gicciya gajerun a ƙasa da sama ya cike tsawon, ƙyaure zai fito. Ba zai yi kyau ba, zai yi kama da rigar da aka yi ma faci, amma busasshe ne, ba zai motsa ba. Ya haɗa abin da zai haɗu a gida. Sauran sai an je an auna da bakin ƙofar, ƙusoshi da sakata kuma suna jikin na ƙaryar.

Muttaka ya yarda zai kai shi, amma da sharaɗi.

"Baba Alhaji, ni fa in la'asar ta yi ba na kan hanyar nan. Sulhu ko ba sulhu ba. In ka gama mu taho, in ba ka gama ba ka gafarce ni."

"Na ji."

"Wai wani ƙyauren kuma? Gwaggo Suwaiba shago za ta buɗe?"

"Ja mota, Muttaka."

Suka fita da sassafe. Har Faskari hanya da dama-dama, daga can kuma sai ramuka da shingayen jami'ai. Da suka wuce Sabuwa suka sauka daga kan kwalta, hira ta ƙare. Gonaki ne dama da hagu, wasu an share, wasu sabara ta cinye. Suka wuce wani ƙauye da babu ko rufi guda, ƙofofi a hangame. A wata mararraba wasu samari bisa babura suka tsaya a inuwa suna kallon motar. Muttaka ya ɗaga musu hannu, ɗaya ya ɗaga mashi. Alhaji Gide ya ji bayan rigarshi ya jiƙe. A nan ƙanwarshi ke kwana da turmi a bayan ƙofa.

Suwaibatu na tsakar gida tana sussukar iri da suka shiga. Ta ɗaga kai ta ƙanƙance ido.

"Wa nake gani kamar Yaya? La ilaha illallahu! Da gwiwar taka? Hafiza, kawo ruwa, ga Kawu!"

Ya gaisa da su a tsaye. Idonshi na kan ƙyauren. Ya fi yadda ta faɗa lalacewa. Ya murɗe har saman ya rabu da bango, hannu zai shiga. Inda falankan suka ja jiki, farin katako ya fito a tsakani, fari fat. Turmin na gefe a kife.

Muttaka da wani maƙwabci suka shigo da ɗayan suka jingine a jikin bango. Suwaibatu ta dube shi.

"Sabo ka yi mani? Haba Yaya, da ka sani ba ka wahala ba. Ni na Malam nake so a gyara."

Ya ce da Muttaka ya jira a mota. Ya jira maƙwabcin ya fita. Hafiza na tsaye da kwanon ruwa, bai ce ta tafi ba.

"Suwaiba, zo ki taɓa wannan."

Ta matso ta ɗora hannu a kan jan katakon.

"Wannan shi ne na Malam Mani. Na datse shi na yi kabad, wanda kika gani a ɗakin Hajiya. Na ɗauka ba za ku dawo ba. Da kika ce a zo a ɗauka, sai na haɗa wancan da ɗanyar malaina na shafa mata baƙi. Ginin ki lafiyarshi lau. Ba zaman jingine ba ne kuma. Ni ne."

Ba ta ɗauke hannunta ba. Ta bi falankin da tafin hannu daga sama har inda zarto ya datse shi, ta tsaya a kan gaɓar da ya gicciya guntu. Ta daɗe a nan.

"Da na ce maka ba na barci, ka san dalili?"

"Na sani."

"Tun ran da aka ɗauko ka san zai kantare?"

"Na sani."

"Ni kau ina nan ina ba Malam haƙuri a raina, ina cewa na wulaƙanta mashi ƙyaure." Muryarta ba ta tashi ba. "Da ka ce mani kana so, Yaya. Wallahi ban san ko zan ba ka ba. Amma da ka tambaya."

"Ki yafe mani."

"Ka kafa mani ƙofata tukuna."

Ta koma kan tabarmarta ta ci gaba da sussuka, ta ba shi baya. Hafiza ta ajiye ruwan a ƙasa kusa da shi ta bi uwarta.

Ya tuɓe babbar riga ya fara. Sauke na ƙaryar ma aiki ne, don murɗewar da ya yi ta danne hinji. Ƙusoshin maƙeran sun kama cikin malainar da ta bushe a kansu, kowace sai ya yi ta fama kafin ta fito, wasu sun lanƙwashe sai ya miƙe su a kan dutse. Da aka ɗaga na madacin aka gwada, ya fi bakin ƙofar faɗi da kamar yatsa biyu, don facin da ya yi ya ƙara mashi jiki. Babu yadda za a yi sai an sauke an rage. Madaci busasshe kuwa ba ya sauri da kowa. Zarto na shiga kamar ana yanka ƙashi. Ya durƙusa a kan gwiwar da ta hana shi kasuwa, gumi na ɗiga a kan katakon.

Inuwar bango ta fara tsawo. Muttaka ya leƙo.

"Baba Alhaji, lokaci fa."

"Saura kaɗan."

Ya sake leƙowa bayan an kira salla.

"Baba, na rantse maka ba zan ƙara ba. Ka bar sauran, wani ya ƙarasa musu gobe."

Alhaji Gide ya dubi ɗakin. Na ƙaryar na kwance a ƙasa, na gaskiyar bai hau ba. In ya tafi yanzu ko abin kara turmi babu.

"Tafi, Muttaka. Ka biya ka gaya ma Hajiya sai ka dawo ɗaukata."

"A nan za ka kwana?"

"Su a ina suke kwana?"

Muttaka ya dubi Suwaibatu ko za ta ce wani abu. Ba ta ɗago ba. Ya yi sallama ya fita, suka ji ƙarar motar tana nisa har ta ɓace.

Alhaji Gide ya yi sallarshi a gefen katakon ya koma aiki. Maƙwabcin ya dawo ya riƙe mashi, suka ɗaga, suka sauke, ya ƙara gogewa da magagari, suka sake ɗagawa. A karo na ƙarshe ƙyauren ya juya a kan hinji ya tafi ya kwanta a jikin bango ruf, babu inda haske ke shiga. Ya ɗaura sakatar, ya daidaita ta da raminta na da, wanda Malam Mani ya haƙa a bangon. Rana ta yi ja a kan itatuwan yamma. Can bayan gari babura suka wuce, kowa a gidan ya yi shiru har ƙarar ta tafi.

"Suwaiba, zo ki gwada."

Ta tashi ta kakkaɓe zaninta. Ta tsaya ta ƙare ma ƙyauren kallo, da facinshi na sama da na ƙasa, da ramukan ƙusoshin kabad da ya toshe da 'yan tsinke. Ba ta ce yana da kyau ba, ba ta ce ba shi da shi ba. Ta shiga ɗakin ta turo shi. Ya ji sakata ta tafi ta faɗa raminta, ƙwas. Ya ji ta kama ta jijjiga daga ciki, ƙyauren bai motsa ba. Ta ƙara jijjigawa da ƙarfi.

Yana tsaye a waje da magagari a hannu, yana jiran ta buɗe. Ba ta buɗe ba. Ya ji kamar ta zauna a ƙasa ta jingina da shi. Ya rasa ko ya yi magana ko ya matsa, sai ya tsaya inda yake.

Can muryarta ta fito ta cikin katakon.

"Hafiza."

"Na'am, Inna."

"Ki zuba ma kawunki tuwo. Ki shimfiɗa mashi tabarma a zaure."

Hafiza ta dubi zauren, ta dubi ɗakin.

"Inna, zauren ai ba ƙyaure."

"Ga nashi nan a ƙasa. Ki ba shi turmin."

Alhaji Gide ya ajiye magagarin. Ya sunkuya ya kama gefen ƙyauren malaina, ya fara jan shi zuwa zaure. Ya yi sauƙi ƙwarai, ruwan duk ya fita.